Ƙarar da Na Kai Birnin Korarrun Mala'iku

Gashin fiffike ne guda ɗaya, fari, bakinsa a ƙone. A hannuna ya fi taɓarya nauyi, a hannun 'yata kuwa kamar auduga. A ramin yumɓu na bayan Gidan Ranau muka tono shi ranar wata Litinin da hantsi. Da na san abin da zai jawo mini, da na mayar da shi na bi da ƙasa na daɓe da ƙafata.

Ni ce Tarana, matar marigayi Nomau, maginiyar tukwane. Duk tulun da matan zumunta ke kaɗawa a majami'un yankinmu, aikin hannuna ne. Ina ba da wannan labari ne don na gaji da matan da ke rufe baki da gefen zane in mun wuce. Ku ji shi daga bakina, in ya so kowa ya yi abin da zai yi da shi.

Yarinyar 'yar farita ce. Kun san al'ada: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa. Mun karɓi bishara tun ina budurwa, mun bar tsafi, mun bar giya, amma wannan kunyar ba mu bar ta ba. Wasu matan in sun shiga ɗaki sukan sassauta. Ni ko a ɗaki. Shekara ashirin da shida ina kiranta "ke", in ina maganarta in ce "waccan". Har ana misali da ni a gari, a ce kunya sai Tarana. Ina jin daɗin hakan, ba zan ɓoye ba.

Tana da murya. Ranar Lahadin godiyar kaka, kwana ɗaya kafin mu tono gashin, ita ta ja waƙa a majami'a, har tsofaffi suka manta da sandunansu suka miƙe. Da muka dawo gida ta durƙusa a bakin ɗakina, ko zanen mawaƙa ba ta cire ba.

Ta ce, "Inna, kin ji ni yau?"

Na ce, "Na ji hayaniya. Tashi ki sauke tukunyar can kafin ta ƙone."

Washegari a rami, da gashin ya fito, ta kai shi kunne ta ce, "Inna, kin ji? Sunana yake kira."

Na ce ban ji komai ba, ta yar da shi. Ba ta yar ba, ta soke shi a ɗankwali.

Daga ranar muryarta ta sake. In ta buɗe baki kaji sukan tsaya da ƙafa ɗaya a sama, tukwanen da na shanya su tsattsage. Mutane suka fara zuwa daga garuruwa a kan babura don su ji ta. Amma gwiwarta ta sandare. Wan ubanta, Baba Cindo, ya shigo gida, ta gaishe shi a tsaye kamar dirka. A majami'a in an ce a durƙusa a yi addu'a, ita kaɗai ke tsaye, kanta a sama. Na zage ta, na ɗauko muciya. Ta ce, "Inna, ba ƙi na yi ba, ba ta lanƙwasuwa." Bayan mako biyu ta daina cewa haka ma. Ta ce ba ta ga wanda ya isa ta durƙusa masa ba.

Lahadi ta uku, a tsakiyar waƙa, ta yi shiru. Ta dubi jama'a ta ce, "Kullum ni ke yabon wani. Ni wa zai yabe ni?" Ta fita. Na bi ta da gudu irin na tsohuwa, rana tsaka, jama'a na bayana. A kan idonmu ta sauka ramin yumɓu, ƙasa ta buɗe kamar bakin rumbu, ta shiga, ƙasa ta rufe.

Da gari ya waye na je na sami Fasto Habila.

Ya ce, "Inna Tarana, abin nan ba na iskokin kakanninmu ba ne. Akwai mala'iku da Allah ya halitta da haske, suna yi masa waƙa tun ba a yi duniya ba. Babbansu ya dubi kyansa ya ce me zai sa ya tsaya a ƙarƙashin wani. Wasu suka bi shi, aka jefo su duka. Gashin ɗayansu kuka tono."

Na ce, "To ina suke zaune? Suna da alƙali?"

"Me za ki yi da alƙalinsu?"

"Ƙara zan kai. An shigo har gidana an ɗauke mini 'ya."

"Inna, addu'a za mu yi, da azumi."

"Ku yi. Ku kuna da gwiwa, ni ina da ƙafa."

Da ya ga ba zan tsaya ba, ya ce, "To ki riƙe abu biyu. Kada ki saurari yabo a can. Ki kuma tuna, su sama suka nema suka faɗi. Ubangiji Yesu kuwa ƙasa ya sauko, har ya durƙusa ya wanke ƙafafun mabiyansa."

Na ce masa wa'azi na ranar Lahadi ne, yau Litinin.

Na ɗauki tulun kiɗana, na ƙulle dawo a gefen zane, na naɗe curin ɗanyen yumɓu a tsumma, don ban taɓa tafiya ba shi ba. Na sauka ramin, na zauna, na kaɗa kiɗan waƙar da ta ja ranar godiyar kaka. A bugu na bakwai ƙasa ta buɗe.

Na yi ta sauka har na fito wani fili da babu rana babu inuwa, hasken wurin kamar toka. Ƙasar duk tsingaro ce, amma ba na tukwane ba, gutsattsarin kambin zinariya ne, masu kaifi kamar aska. Takalmin robana bai kai taki goma ba ya tsinke. Na yage gefen zane na ɗaure ƙafafuna na ci gaba. Na ci dawo sau uku, da haka na san kwana uku na yi. Jefi-jefi nakan ga ɗigon jini busasshe a gabana, sai in san ta nan ta bi, in ƙara sauri ina zaginta ina kuka.

Daga nan sai kogi. Ruwansa baƙi, ba kwalekwale, ba gada. Ina sa ƙafa sai ruwan ya yi magana.

"Tarana gwanar gini! Tarana wadda tukunyarta ba ta yoyo! Tarana mai kunya, wadda ba ta taɓa faɗin sunan 'yar fari ba! A cikin mata wa ya kai ki?"

Abin haushin, ba ƙarya yake yi ba. Shekara sittin ba wanda ya taɓa faɗa mini haka, ko Nomau. Na tsaya in ji sauran. Ruwa ya kawo gwiwa, ya kawo ƙugu. Na duba gefe na ga kawunan mutane jere, ruwa ya kai musu wuya, idonsu a rufe suna murmushi, wasu gashinsu ya zama gansakuka. Da ruwa ya taɓa mini ƙirji sai maganar Fasto ta faɗo mini. Na gutsuri yumɓu na toshe kunnuwana. Nan take ruwan ya janye ya koma idon sawu. Na ƙetare ina jin bakinsa yana motsi a ƙafata, ban cire yumɓun ba sai da na yi nisa.

Sai ga birni. Ba ɗaki ko ɗaya a cikinsa, sai hasumiyoyi, kowace da mai zama a kanta. Masu zaman dogaye ne kamar giginya, fikafikansu a ƙone kamar jinkar da gobara ta ci, fuskokinsu kuwa kyakkyawa har ka ji kamar ka yi kuka. Kowa wuyansa a miƙe yana kallon sama. Kowane yana miƙa dogon hannu ya zare tubali daga gindin hasumiyar maƙwabcinsa ya ɗora a kan tasa. Can sai ka ji wata ta rushe, ƙura ta tashi, ba wanda zai waiwaya. Mai ita ya tashi a tsaye kamar gungume ya sake sata. Ni da na san gini na tsaya ina cizon yatsa.

A babbar ƙofa wani yana tsaye, ya ɗaga fitila sama, babu wuta a cikinta.

Ya ce, "Tsaya, ya ke 'yar yumɓu. Wace ce ke, me kuma ya kawo mai mutuwa ƙasar waɗanda ba sa mutuwa?"

Na ce, "Ni ce Tarana ta Gidan Ranau. Yumɓun kuma sana'ata ce, in zagi ka yi bai same ni ba. Kai wane ne?"

"Sunana ya tsaya a sama, ban sauko da shi ba. A dā ni ke riƙe fitila a sahu na bakwai gaban kursiyi. Aka ce mini a sabon mulki zan riƙe ta a sahu na farko."

"Ga ka kuwa a bakin ƙofa kamar maigadi."

Ya gangaro da ido, ba wuya ba, ya dubi tuluna.

"Mene ne a ciki?"

"Iska. Kiɗa ake yi da shi."

"Wa ake yi wa?"

"Wanda ya kore ku."

Ya rufe ido. Can ya ce, "Kaɗa mini sau ɗaya, ni kuwa in kai ki wurin wanda ya ɗauke 'yarki."

Na kaɗa. Hawaye suka zubo masa, suna faɗuwa ƙasa suna cuwwa kamar ruwa a kan kasko mai zafi. Ya ce ya isa. Za mu wuce sai na ga wani rami a gindin ganuwa, bai fi ƙofar akurki ba, iska na shigowa ta ciki da ƙamshin ruwan farko.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Mafita ce. Babbar ƙofa shiga kawai ake yi. Waccan ba ta taɓa rufuwa ba, ba kuma wanda ya taɓa bi ta cikinta."

"Don me?"

Ya taɓa gwiwarsa da fitilar, ta yi ƙara kamar an buga dutse.

Ya kai ni tsakiyar birni, gaban hasumiyar da ta fi duka tsawo a wannan unguwa. Babbansu duka ban gan shi ba, an ce ko su ba ya yarda su gan shi. Wanda ke kan wannan hasumiyar shi ne shugaban mawaƙa na dā, suna ce masa Mai Murya Bakwai. A fiffikensa na dama akwai gurbin gashi ɗaya. A gefensa, kan wata hasumiya, ga 'yata. Ta rame, leɓɓanta sun tsage, kanta a sama, tana waƙa ba tsayawa. Waƙar ba ta da wata kalma sai ni, ni, ni. Ba mai saurare, don kowa tasa yake yi.

Mai Murya Bakwai ya yi magana, muryoyi bakwai suka fito tare, daga ta jariri har ta tsawa.

"Ya ke tsohuwa, durƙusa ki faɗi buƙatarki."

Na ce, "Ko uwar mijina da gwiwa ɗaya na gaishe ta, bare kai ɓarawo. Ƙara na kawo, kai ne kuma nake ƙara. Ina alƙalinku?"

"Babu alƙali a nan. In akwai alƙali, to wani ya fi wani ke nan. Mu kuwa kowa ya fi kowa."

"To ni zan yanke. Ka shigo gidana ka ɗauke 'yata. Ka mayar mini da ita, ka kuma ce ka yi laifi."

Ya yi dariya har tubali ya zubo daga hasumiyoyi.

"Kalmar nan da muna iya faɗinta, da ba mu nan. Kuma ban saci kowa ba. Gashina ya yi shekara dubbai a ramin nan, mata nawa suka taka shi ba su ji komai ba. Ba ya kiran kowa sai mai yunwar jin sunansa. Sau ɗaya na kira ta, ta amsa. Ke da kika haife ta, sau nawa kika kira?"

Na ce, "Al'ada ce! Kunya ce! Kai me ka sani game da haihuwa?"

"A farko kunya ce. Daga baya ta zama kambinki. Ni na san kambi in na gan shi, tsohuwa, na taɓa sawa. Amma tun da kin sha wuya, ga abin da zan yi miki. Ki kira ta sau uku. In ta dubi ƙasa, taki ce. In ba ta duba ba, ke ma tamu ce, akwai hasumiyar da ta dace da ke."

Na gyara ɗaurin zane. Na ce a raina yarinyar da ko tari na yi takan miƙe, wane kira uku?

Na ɗaga murya na ce, "Ke! Sauko nan kafin ranki ya ɓaci!"

Hasumiyarta ta ƙaru da tsawon mutum guda. Ko gezau ba ta yi ba.

Na ce, "'Yar gidan Nomau! Ni na ɗauki cikinki wata tara! Ni na ba ki nono! Ni na yi ta gasa tukwane har hayaƙi ya cinye mini ido don ki ci! Ni na taka zinariya mai kaifi, ni na ƙetare kogi!"

Hasumiyar ta sake ƙaruwa. Sai na ji ƙasa na motsi a ƙarƙashina. Na duba, tubali ne ke taruwa a ƙarƙashin ƙafafuna, yana ɗaga ni. Gwiwoyina suka fara sandarewa, wuyana yana ja baya. Abin da na faɗa yana dawo mini daga ganuwa, ban ji komai a ciki ba sai ni, ni, ni. Waƙarsu ce a bakina.

Saura kira ɗaya.

Da wuyana ya ja baya sai idona ya faɗa kan ƙafafunta, sun leƙo daga bakin hasumiya. Duk sun yayyanke, jini ya bushe a kai, ga ƙaramin yatsan nan karkatacce irin na ubanta. Rabon da in taɓa ƙafafun nan tun tana goye. Sai wa'azin Litinin ɗin nan ya dawo mini, na Wanda ya fi kowa ya durƙusa da ruwa a gaban ƙafafun mutane masu ƙura.

Na yi ƙoƙarin lanƙwasa gwiwa, ta ƙi. Na danna da hannu, ta ƙi. Sai na ɗaga tulun da hannu biyu, tulun da na fi so a duk wanda na gina, na maka wa gwiwata ta dama. Tulun ya tarwatse, gwiwar ta yi ƙara, na faɗo daga kan tubalin na zube a kan gwiwoyina. Uwa a durƙushe gaban 'yarta, abin da ba a taɓa yi ba a garinmu.

Birnin ya yi tsit. Masu satar tubali suka tsaya da hannu a miƙe.

Na buɗe baki, sunan ya maƙale. Ni na ji shi ranar da aka raɗa mata, amma harshena bai san hanyarsa ba. Na sake gwadawa.

"Keziya."

Muryata ta fito ƙarama kamar ta yarinya.

"Keziya, 'yata. Ranar godiyar kaka na ji ki. Hannuna ya kasa kaɗa tulu, na fita bayan majami'a na yi kuka a gindin darbejiya, don ban san Allah zai ba irina 'ya mai irin wannan baiwa ba. Da kika tambaye ni na ce hayaniya. Ƙarya na yi. Shekara ashirin da shida ina ƙarya, ina jin daɗin ana yabona. Ki yafe mini."

Waƙar ta tsaya. Wuyanta ya fara saukowa a hankali, yana ƙara kamar tsohon ƙyaure. Ta dube ni.

Ta ce, "Inna? Sake faɗi."

Na ce, "Keziya."

Gashin ya sulluɓe daga ɗankwalinta ya faɗo, ya huda ƙasa ya nutse. Hasumiyar ta zube kamar tarin gero, ta gangaro da ita cikin ƙura har jikina. Na rungume ta. Ba ta fi kaza nauyi ba.

Mai Murya Bakwai ya ce, "Ɗauke ta, ya ke tsohuwa, na cika alkawari. Amma muryar tawa ce."

Na ce, "Tana da tata tun kafin taka! Allah ya ba ta, ba kai ba!"

"Sun cuɗe. Ke maginiya ce. Kwaɓa jan yumɓu da baƙi ki gasa, sa'an nan ki raba su mu gani."

Ya miƙo hannu. Wani abu kamar hayaƙin turare ya fito daga bakinta ya shige tafinsa. Ta buɗe baki za ta kira ni, ba abin da ya fito. Na kwashi tsingaron tuluna na yi ta jifansa, na zage shi da duk zagin da na sani tun kafin in tuba. Bai ma ji ba. Ya riga ya mayar da kai sama, yana zare tubali daga hasumiyar da ta rushe.

Mai fitila ya raka mu har gindin ganuwa, Keziya tana tallafe da ni. Da muka iso ƙaramar ƙofa ta durƙusa, gwiwoyinta suka lanƙwasu kamar na kowa, ta sa kai. Ni na waiwaya. Ban zo don shi ba, amma shi kaɗai ya yi kuka a birnin nan.

Na ce, "Kai mai fitila, zo mu tafi."

Ya ce, "Ya ke 'yar yumɓu, ku aka buɗe wa hanya. Mun ga ranar da Ubangijinku Ya wuce mu yana sauka, sanye da jiki irin naku. Bai ɗauki fiffike ba, yumɓu ya ɗauka. Muka juya fuska don kada mu gani."

"Ni ban san wannan ba, ban yi karatun fastoci ba. Ƙofa na gani a buɗe. Sunkuya."

Sai wuyansa ya fara saukowa, kamar faɗin tafin hannu, da ƙara irin ta icen da ake sara. Fitilar ta sauko har ƙirjinsa. Wallahi na ga wani ɗan ja a bakin lagwaninta.

Ya ce, "In na fita, za a mayar da ni sahu na bakwai?"

Na ce, "Ban sani ba. Wataƙila shara za a ba ka. Wataƙila a tsayar da kai a can baya."

"Har bayan ku?"

"Har bayan mu."

Ya dubi ramin. Ya dubi ƙafafuna masu jini da zanena yagagge. Sai wuyan ya koma inda yake, jan lagwanin ya mutu, ya ɗaga fitilar sama yadda na same shi.

Ya ce, "Tafi, tsohuwa. Kada ki sake kaɗa mini komai."

Na yi masa kuka, ban yi niyya ba. Na sa kai a ramin ina jan ƙafa ɗaya, ina bin diddigin 'yata.

Muka fito a ramin yumɓu da hantsi. A lissafina kwana bakwai na yi, a lissafin gari damina uku. Jinkar ɗakina ta rufta, Baba Cindo ya rasu, an riga an yi mana sujadar tunawa. Fasto Habila da ya gan mu ya zauna a ƙasa yana kuka, ya ce ko Laraba ɗaya ba su fasa yi mana addu'a ba. Na ce masa wa'azinsa na Litinin ya yi aiki. Ban ƙara ba, kada kansa ya kumbura.

Yau shekara huɗu ke nan. Keziya ba ta magana, ba ta waƙa. In an ce a durƙusa, ita ce ta farko. Ranar Lahadi takan zauna cikin matan zumunta da tulu a cinya, in sabuwar mai jan waƙa ta tashi, sai in ga leɓɓanta na motsi. Nakan kau da kai. Gwiwata ba ta warke ba, ba ta miƙewa sosai, a zaune nake gini.

Ku kuma masu rufe baki da gefen zane, na san abin da kuke cewa. Wasu ku ce ita mayya ce, wasu ku ce ni na tsufa na zubar da kunya, ina kiran sunan 'yar fari a tsakar gida kamar mahaukaciya. Ku da kuke da 'ya'yan fari a ɗaki, ku je ku duba ɗankwalinsu kafin ku dube ni.

Ƙarata kuwa ban janye ba. An mayar mini da 'ya, ba a mayar da murya ba, ba a kuma ce an yi laifi ba. Na ɗaukaka ta gaban Mai shari'ar ranar ƙarshe. Na san in an buɗe maganar za a tambaye ni nawa laifin, zan amsa a durƙushe. Fasto ya ce a can Keziya za ta yi waƙa da muryarta ta asali, ba gauraye. Na ce masa sai na ji da kunnena.

Kafin ranar, kullum da safe in na buɗe ƙofa nakan tsaya a tsakar gida in ɗaga murya yadda har masu zuwa rijiya za su ji.

"Keziya!"

Daga ɗaki sai in ji an buga tulu sau biyu.

Maganarta ta ƙarshe a duniya ita ce in sake faɗi. Ban daina ba.